Yadda A Ke Gane Ingirici Da Harawa Masu Lafiya Domin Ɓeran Masar

An shirya wannan 'yar takarda domin Hakimai da malamansu, su karanta, su kuma bayyana wa Dagatai da masu unguwanni abin da ke cikinta. Mai yiwuwa ne wani ya ce, ina ruwan Hakimi da abincin ɓera? Amsa ita ce, damin harawar da yaro ya ke tsinka ya ba ɓeran Masar, shi ne dai a ke zuba wa ragon layya, da akuyar uwargida, har da dokin da ke barga. Babbar dabba ta kan daɗe tana cin abinci marar kyau kafin a ga alama a jikinta, ita kuwa 'yar ƙaramar cikin kwana kaɗan sai a iske ta a kwance. Saboda haka wanda ya iya zaɓen ciyawar da ba za ta cuci ɓeran Masar ba, ya iya zaɓa wa kowace dabba ta gida.

Mun ɗauki Narayi domin misali. Unguwa ce kudu da Kogin Kaduna, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, kusa da Barnawa da Sabon Tasha. A da ƙauyen Gbagyi ne da gonakinsu, yanzu kuwa gidaje sun cinye yawancin filin. Mutumin da ba shi da wurin ɗaure tumaki ya kan koma ga ƙananan dabbobi, watau kaji da zomaye da ɓeran Masar, waɗansu don sha'awar yara, waɗansu don nama, waɗansu kuma don sayarwa. Da damina ciyawa ba ta wuya. Amma daga Nuwamba zuwa Afrilu tilas a dogara ga busasshiya, wadda yawanci saye a ke yi, ba a kuwa san inda aka yanko ta ba, ko yadda aka ajiye ta.

Halin Dabbar

Ko da ya ke muna kiransa ɓeran Masar, ba daga Masar ya fito ba, kamar yadda Turawan Ingila su ke kiransa aladen Gini alhali shi ba alade ba ne, ba kuma na Gini ba. Asalinsa duwatsun Andis ne na Amurka ta Kudu, wajen Peru da Bolibiya, inda mutane su ke kiwonsa tun shekaru dubbai. 'Yan kasuwa ne suka kai shi Turai cikin ƙarni na 16. Babba ba ya faye wuce kilo 1 da 'yan kai ba, mace kuma ta kan ɗauki ciki kwana 59 zuwa 72.

Yana da haƙora 20, dukansu kuwa ba su daina tsiro har ya mutu. In bai sami abu mai ƙarfi da zai yi ta tauna ba dare da rana, sai turamensa su yi tsawo su karkace, har su danne harshe, ya kasa haɗiya, miyau ya riƙa zuba a haɓarsa. Hanjinsa kuma ba ya son hutu: in ya yini ya kwana bai ci kome ba, cikin ya kan tsaya ya kumbura, abin kuwa ya kan zo da ajali. Bugu da ƙari ba ya iya amai, duk abin da ya haɗiye ya zauna ke nan. Don haka ne ciyawa ta zama mafi yawan abincinsa. Dusa da hatsi ƙari ne kawai. Kowace rana a zuba masa ciyawa tuli kamar girman jikinsa, kada a bari wurin ya zama wayam.

Tsufa Da Danshi

Kuskuren da yawancin masu saye su ke yi shi ne duban launi kaɗai. In sun ga dami kore shar sai su ce sabo ne, in sun ga ya yi fari-fari sai su ce ya tsufa, ba shi da kyau. To, a lura. Ingiricin da ya bushe sarai, aka ajiye shi a inuwa inda iska ke ratsawa, ya kan shekara bai zama cuta ba. Abin da ya ke rasawa ƙarfi ne da ɗanɗano. Amma wanda aka ɗaure da sauran ruwa a jikinsa, ko da jiya aka yanko shi, ko da ya fi kowanne kore, cikin mako guda zai iya zama guba. Tambayar farko ke nan da ta kamaci mai saye: wannan dami ya taɓa jiƙa bayan an ɗaure shi? Maganar yaushe aka yanke shi sai ta biyo baya.

Masana aikin gona sun auna abin. Ɗanyar ciyawa kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na nauyinta ruwa ne. Kafin ta ajiyu lafiya sai ruwan ya sauka zuwa wajen kashi 15. In ya haura kashi 20, fumfuna za ta tsiro a tsakiyar dami, inda ido ba ya kaiwa. Fumfuna abu ne mai rai, tana ci tana numfashi, numfashin nan kuwa shi ke sa tsakiyar tari ya ɗauki zafi. Babban tari mai danshi ya kan yi zafi har ya kama wuta da kansa, ba tare da kowa ya ƙyasta ashana ba, sa'an nan a shiga zargin maƙwabta a banza.

Ƙasar Kaduna ta fi ta Kano da Katsina wannan wahala, gama ruwanta ya fi yawa, ya kuma fi daɗewa. A kan sami wajen milimita 1,200 a shekara, watau inci 47 ko fiye, tun daga Afrilu har cikin Oktoba. Gyaɗar da aka tuge cikin Satumba sau da yawa ruwa ya kan same ta a shanye. Haka kuma a ƙarshen rani, sauran harawar da ta kwana bisa rufin ɗaki ko a kan itace tun kaka, ruwan farko na bazara ya kan dake ta, rana ta busar da bayanta, cikin kuwa ya zauna a jiƙe. Irin wannan ce ta fi yawa a kasuwa cikin Afrilu da Mayu, daidai lokacin da harawa ta fi tsada, mutane kuma sun fi matsuwa.

Gwaji A Wurin Saye

Ko a kasuwar Zango ta Tudun Wada ne, ko a bakin hanya wurin mai kura, kada a biya kuɗi sai an kwance dami. Mai kaya na gari ba zai ƙi ba. A tura hannu har tsakiya. In an ji ɗumi, ko sanyi-sanyi irin na rigar da ba ta gama bushewa ba, a bar shi. Busasshen ingirici ba ya zafi ba ya sanyi, yana kuma ƙara a hannu.

Sa'an nan a sansana, a kuma sansana na tsakiyar, gama hanci ya fi ido gaskiya cikin wannan sha'ani. Mai kyau yana da ƙanshi mai daɗi, mai sauƙi, kamar gona ran girbi. Marar kyau yana warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba da damina, ko tsami-tsami, ko zarni in ɓeraye sun kwana ciki. Akwai kuma wani wanda ya kan ruɗi mutane: ya yi ja-ja kamar taba, yana ƙanshi kamar an toya sukari. Wannan alama ce ya yi zafi cikin tari ya dahu. Dabbobi su kan so shi, amma yawancin amfaninsa ya ƙone, fumfuna kuma ta riga ta ratsa shi.

A ɗauki tafi guda a girgiza a hasken rana. Ƙurar ƙasa ja ce ko ruwan ƙasa, tana da nauyi, nan da nan ta ke sauka. Ƙurar fumfuna fara ce ko toka-toka, tana tashi kamar hayaƙi, ta daɗe tana yawo. Ita ce ke shiga huhun ɓeran Masar, wanda hancinsa kullum yana cikin ciyawa, ta sa shi atishawa da majina da numfashi sama-sama. Ba ta bar mutum ba ma. A Ingila tun 1932 likitoci suka bayyana wani ciwon huhu da ke kama manoma masu ɗaukar ingirici mai fumfuna. Kada a sa yaro mai asma aikin kakkaɓe irin wannan.

A duba jikin karare da gindin ganye. Fari-fari kamar yanar gizo, ko ɗigo-ɗigo baƙi ko kore, ko ganyaye da suka manne da juna suka dunƙule, duk alamar an jiƙa ne. A murɗa 'yan karare kamar mai tufka: busassu za su yi ƙara su fara karyewa, masu danshi za su lanƙwashe kawai. A kankare kara ɗaya da farce, in fatarsa ta saɓule, bai bushe ba. Wanda zai sayi da yawa ya ƙara da gwajin gishiri. A sami kwalba busasshiya, a yayyanka ciyawar a zuba, a sa cokali guda na busasshen gishiri, a rufe, a girgiza sosai, a bari jim kaɗan. In gishirin ya manne a jikin kwalba ko ya cure, akwai sauran ruwa.

Bayan duk wannan ne launi zai yi amfani. In dami biyu duk sun bushe, duk suna ƙanshi, a zaɓi wanda ya fi kore, ya fi ganye, kararensa kuma sun fi siranta.

Sauran Gyaɗa Cikin Harawa

Harawar gyaɗa tana da wani hatsari nata na dabam, wanda ya kamata a tsaya a kansa. A 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a gonakin Ingila cikin 'yan watanni, ba a san dalili ba. Da aka bi sawu sai aka tarar duk sun ci abinci mai tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. Cikin tunkuzar aka gano wata guba da wata irin fumfuna ke yi, aka sa mata suna afalatoksin. A lokacin Nijeriya tana cikin manyan masu fitar da gyaɗa a duniya, dalar gyaɗa tana tsaye a Kano, saboda haka maganar ta shafi Arewa ƙwarai. Masu bincike a Samaru ta Zariya suka duƙufa a kai cikin shekarun 1960, suka nuna gubar ta fi yawa cikin kwanson da ya fashe, da wanda gara ta huda, da gyaɗar da ta daɗe ba ta bushe ba bayan an tuge ta.

Ga inda abin ya shafe mu. In an ɗebe gyaɗa, wace ce a ke bari a jikin harawa? Ai ita ce 'yar ƙanana, da fasasshiya, da wadda gara ta taɓa, watau daidai irin da aka ce. Ɓeran Masar kuwa ita ya ke fara nema, yana kuma cikin dabbobin da wannan guba ta fi saurin lalata musu hanta. A ce yaro yana da guda 6, ya sayo harawa mai araha cikin Mayu, ya zuba musu. Sai ya ga sun rage ci, gashinsu ya tashi, ɗaya bayan ɗaya suna mutuwa, ya ce annoba ce ko maita. Ba zai tuna da harawar ba, gama ragon gidan yana cinta yana tsaye. Don haka a tsince sauran gyaɗa duka kafin a ba su.

Kada kuma a ɗauka sake shanyawa magani ne. Rana za ta busar da harawa, warin ya ragu, amma gubar da aka riga aka yi tana nan daram, ko dafuwa ta gida ba ta kashe ta. In tsakiyar dami ya yi fumfuna, a fid da damin duka a kai juji ya zama taki. Tsince wurin da ya ɓaci a ba da saura ba dabara ba ce ga dabbar da ba ta wuce kilo guda ba.

Har wa yau, ko harawa mai kyau ce, kada ta zama ita kaɗai ce abinci. Harawar gyaɗa da ta wake suna da ƙarfi, suna kuma da yawan sinadarin nan na ƙashi da a ke kira kalsiyam. Wannan alheri ne ga mai ciki da mai shayarwa da 'ya'ya masu tasowa. Amma babba da ya gama girma, in ya yawaita, ya kan yi tsakuwa a mafitsara, a ga yana kuka wajen fitsari, wani lokaci da jini. A gare shi ciyawa ce tushe, harawa kuwa ɗan tafi guda.

Abin Da Lauje Ya Kan Haɗo

Mai yankan ciyawa don sayarwa sauri ya ke yi, ba ya tsayawa zaɓe. A baje ciyawar a duba. A fid da ganyen tumfafiya, da zurma, da zaƙami, da bini da zugu, da rai-ɗore mai 'ya'ya, gama bushewa ba ta raba su da dafinsu. Gyauron dawa, wanda makiyaya suka daɗe da sanin yana kashe shanu, kada ya kusanci keji. Ƙarangiya da tofa da duk ciyawa mai tsini su kan soki ido ko su maƙale a baki, in kuwa an ga ido ɗaya ya rufe yana hawaye, a fara neman tsinke a ƙarƙashin fatar idon. Akwai kuma leda da waya da guntun kwalba, abin da ba a rasa ba cikin ciyawar gari.

A wuri kamar Narayi sai a ƙara da tambayar inda aka yanko. Yanzu mutane da yawa sun bar noma da fartanya sun koma feshin maganin kashe ciyawa a gonaki da bakin gidaje. Ciyawar da aka fesa ta kan yi rawaya ta bushe a tsaye cikin 'yan kwanaki, wanda bai sani ba sai ya ce ingirici ne Allah ya ba shi. In an ga fili ya bushe da damina alhali kewayensa kore ne, a nisance shi. Haka ciyawar bakin babban titi, da ta bakin lambatu, da ta magudanun da ke fitowa daga wajen masana'antun Kakuri. Wake kuma a kan yi masa feshin maganin ƙwari sau da dama, saboda haka ya kyautu a san manomin da harawar ta fito daga gare shi.

Yanka Da Ajiya

Wanda ya iya yankan tasa ya fi kwanciyar rai. Gamba da kyasuwa da harkiya da kiri-kiri duk suna yin ingirici mai kyau in an yanke su kafin su fid da kai sosai. Matsalar ita ce lokacin da ciyawa ta fi ƙarfi shi ne lokacin marka, ba ranar shanya. In kuma an jira sai hunturu, ta riga ta zama kara, furotin ɗinta ya sauka zuwa wajen kashi 3 cikin ɗari. Tsaka-tsakin shi ne ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba. A yanka da hantsi bayan raɓa ta ɗauke, a baza ba kauri, a riƙa juyawa, a kwashe zuwa rumfa da maraice ko in hadari ya taso. Kwana 2 zuwa 4 na rana mai kyau ya isa. Kada a bar ta mako da makonni a rana, za ta yi fari, ganyen ya kakkaɓe.

A ajiye bisa gado na itace, kamar ƙafa guda daga ƙasa, nesa da bango, ƙarƙashin rufin da ba ya yoyo. Kada a cusa cikin buhun leda a ɗaure baki, gama ciyawa ta kan yi gumi. Buhun algarara ko kwando ko kwali mai huji ya fi. A fara da tsohuwa kafin sabuwa. A yi yaƙi da ɓerayen gida, domin kashinsu da fitsarinsu suna kawo zawo ga dabba, ga mutum kuma wani irinsu shi ke ɗauke da zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno. A cikin keji ma, a sa ciyawar ci a ɗan sama cikin raga, wadda aka tattake aka yi wa fitsari a share ta kowace safiya.

Abin Da Ingirici Ba Ya Bayarwa

Ko an sami ingiricin da ya fi kowanne kyau, akwai abu guda da babu a cikinsa. Yawancin dabbobi jikinsu yana yin bitamin C da kansa, amma mutum da biri da ɓeran Masar sai sun ci. Likitoci biyu na ƙasar Norwe, Holst da Frolich, su suka gano haka a 1907, sa'ad da suka ciyad da ɓeran Masar da hatsi zalla, sai ya kamu da ciwon nan na kumburin dasashi da ke kashe matuƙan jirgin ruwa a zamanin da. Wannan bitamin ba ya jure bushewa. Cikin mako 2 ko 3 ba ɗanyen ganye, za a ga dabbar tana ɗingishi, gaɓoɓinta sun kumbura, dasashi yana jini, tana ƙin a taɓa ta. Mai kiwo sai ya ɗora wa ingirici laifi, alhali laifin rashin ɗanye ne.

Mutanen Narayi ba su da uzuri a nan, tun da ya ke masu lambu a fadamun Kogin Kaduna suna fid da kayan miya duk rani. Kowace rana a ba da ɗan ganyen zogale, ko na dankali, ko kabeji kaɗan, ko yankin tattasai, ko gwaiba. A wanke, a bari ruwan ya tsane. Ban da albasa da tafarnuwa, da ganyen tumatir, da na dankalin Turawa, da ɗanyen rogo. Ruwan sha kuma kullum, gama mai cin busasshiya ya fi mai cin ɗanya ƙishi. In damina ta faɗi, kada a juya su ga sabon tsiro rana ɗaya, a riƙa haɗawa da ingirici har mako guda ko fiye, don gudun kumburin ciki.

Roƙo Ga Hakimai Da Malamansu

Ana roƙon Hakimai su sa a yi wannan bayani sau biyu a shekara, cikin Satumba kafin a fara yanka da tugar gyaɗa, da kuma cikin Maris kafin ruwan farko, domin a sauko da harawa daga rufin ɗaki a shigar da ita rumfa. Su kuma yi magana da shugabannin 'yan harawa a kasuwanninsu, a bar mai saye ya kwance dami. Masu unguwanni su ja kunnen masu feshi su riƙa sanad da maƙwabta, ko su kafa alama a filin da suka fesa.

In aka kawo ƙarar mutuwar ƙananan dabbobi da yawa a gida ɗaya, malamin Hakimi ya rubuta ranar, da yawansu, da irin abincin da suka ci cikin makon, da inda aka sayo shi. A dakatar da abincin nan take, a ɗebi kaɗan daga tsakiyar dami a nannaɗe cikin takarda, a kai wa malamin dabbobi na Ƙaramar Hukuma tare da gawa guda. In abin ya fi ƙarfinsa akwai cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda ke aiki tun 1924, da ta binciken kiwo da ke Shika kusa da Zariya. A kuma gargaɗi masu kiwo kada su sayo maganin mutane su ɗura wa dabbar da ka. Fenisilin da danginsa, da ke warkad da mutum da rago, su kan kashe ɓeran Masar cikin 'yan kwanaki, domin suna hallaka ƙwayoyin da ke narka masa ciyawa a hanji.